Van Jones: Lauyan da ya haɗa gyaran gidajen yari da kare muhalli

A birnin Okland na jihar Kalifoniya, unguwannin da ke maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa su suka fi shaƙar hayaƙin manyan motocin dakon kaya, ciwon asma kuma ya yi katutu a tsakanin yaransu. Daga irin waɗannan unguwanni na talakawa, galibi baƙaƙen fata, ake yawan kwasar matasa zuwa kurkuku. Lauya Van Jones ya ce matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, wato talauci da zaman kashe wando, kuma magani ɗaya zai iya yi musu.

An haife shi a jihar Tenesi a 1968, ya kammala karatun lauya a Jami'ar Yale a 1993. A 1996 shi da abokan gwagwarmayarsa suka kafa Cibiyar Ella Baker domin bin kadin waɗanda 'yan sanda suka ci wa zarafi. Cibiyar ta yi tsayin daka kan shirin gina katafaren gidan tsare yara a gundumar Alameda, har hukuma ta rage girmansa.

Amma fitar da matashi daga kurkuku rabin aiki ne, domin masu ɗaukar ma'aikata na gudun duk wanda ya taɓa zaman kaso. Nan muhalli ya shigo. Ɗora faifan sola a kan rufi da toshe kafofin da ɗumin ɗaki ke zurarewa lokacin sanyi ba sa buƙatar digiri, kuma ba a iya kai aikin wata ƙasa. Matashi ya samu albashi, unguwa ta samu iska mai tsabta. A 2007 Jones ya kafa ƙungiyar Green For All, a shekarar kuma majalisar dokokin Amurka ta amince da dokar horar da ma'aikata kan irin waɗannan sana'o'i. Shugaba Obama ya naɗa shi mai ba da shawara a wannan fanni a Maris na 2009, sai dai 'yan adawa sun tono tsofaffin kalamansa na siyasa, ya ajiye muƙamin a Satumba.

Bayan shekara tara ya yi abin da ya ba magoya bayansa mamaki: ya haɗa kai da Jared Kushner, surukin Shugaba Trump, wajen neman dokar da ake kira Matakin Farko. Majalisar dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 87, 12 suka ƙi, aka sa mata hannu a Disamba 2018. Tun 1986, wanda aka kama da giram 5 na dunƙulen hodar ibilis, wanda talakawa suka fi saye, hukuncinsa ɗaya da mai giram 500 na garinta. An rage wannan tazara a 2010, amma ban da waɗanda aka riga aka ɗaure. Sabuwar dokar ta ba su damar komawa gaban alƙali, ta kuma taƙaita ɗaure fursunoni masu juna biyu da mari.

Wasu sun zarge shi da wanke Trump, shi kuwa ya kafa hujja da dubban mutanen da suka koma ga iyalansu. Sai dai dokar ta tsaya ne kan gidajen yarin tarayya kaɗai, alhali mafi yawan fursunonin Amurka suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Can ne babban aikin ya rage.