Amsoshin Takardunku: 'Yar Makaranta Da Bikin Uhola

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Rikoto, cikin garin Zuru. Ya ce 'yarsa tana aji biyar na sakandare, ta kuwa ƙi fita rawar 'yan mata a Uhola da irin shigar da kakanninta suka yi. Dangi sun ce ya sake mata da yawa. Yana tambaya, shin ya tilasta mata ne, ko ya ƙyale ta?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Bari mu fara duba dalilin da ya sa magabata suka kafa al'adar. A wajen Dakarkari, wato Lelna, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo. Shi da tsararrakinsa za su yi ta noma gonar surukinsa har kimanin shekara 7. In kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, sai a yi Uhola a gode wa Allah, a yi kokawa da kaɗe-kaɗe, 'yan mata su fito cikin ado. A nan gari ke shaida cewa wane ya cika aikinsa, wance kuma ta girma. A zamanin da babu takardar haihuwa, babu ta makaranta, wannan fitar ita ce shaidar.

Yau kuwa abubuwa sun sake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga a jiki, kuma likitoci sun tabbatar aska ɗaya a jikin mutane da yawa tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Ga masallaci da coci, duka suna koyar da suturta jiki. Yarinyar da ta tashi cikin wannan, ba raini ne ya sa ta noƙe ba, kunya ce.

Kuma ba a Zuru kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. 'Yan kasuwa sun san sunan Okirika saboda kayan gwanjo. To a can, cikin Jihar Ribas, akwai bikin Iriya, inda 'yan mata ke fita dandali ƙirji a buɗe, sannan a killace su a ɗaki na makonni ana ciyar da su, tsofaffin mata na koya musu zaman aure. A 1993 Ngozi Onwurah ta yi fim a kan 'yan mata biyu na can: ɗaya ta shiga da murna, ɗaya ta ƙi buɗe jikinta, abin ya haɗa ta da mahaifinta.

Shawararmu, Malam, kada ka tilasta mata. Ka zauna da ita da uwarta da gwaggonninta, ku rarrabe abin gida biyu. Akwai tarbiyya, da girmama manya, da sanin yarenta na C'Lela, da shaidar dangi cewa ta isa mace. Waɗannan ku riƙe su da kyau. Akwai kuma tsaga, da shigar da za ta kunyata ta, da cire ta daga aji don aure. Waɗannan a bar su. In ta yarda ta fita da zane da riga da duwatsun ado a lokacin hutu, ai ta halarci Uhola. In an ja ta da ƙarfi, gobe ko 'ya'yanta ba za ta kawo su kallo ba.

Dangi kuma ka bi su da lalama, ka fara da babban cikinsu, don in ya gamsu saura za su bi.

Muna jiran takardunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.