Tsoron Jirgi: An Kulle Ƙofar Matuƙi, Saura Jakar Saƙo

Goggona ta shekara talatin tana saro atamfa da leshi. Hanyar Kwatano da Lome ta san ta kamar yunwar cikinta. Ta sha kwana a bakin iyaka, ta sha sauka a tura mota da damina. Amma da 'ya'yanta suka ce bana ta bi abokan sana'arta zuwa Dubai ta jirgin sama, sai ta ce atafau ba ta san zancen ba. Da na matsa mata, ta ce, "Kai yaro ne. Ina Yamai lokacin da aka kawo jirgin nan na Najeriya. Kwana uku muna manne da rediyo."

Ba ƙarya ta yi ba. Ranar 25 ga Oktoba 1993 wani jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 ya tashi daga Legas zuwa Abuja da mutum fiye da ɗari. Wasu samari huɗu suka ƙwace shi a sama, suna adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni, suna neman a miƙa mulki ga MKO Abiola. Jamus suka so a kai su, amma mai bai isa ba, aka sauka a Yamai. Suka yi barazanar cinna wa jirgin wuta, suka saki wasu fasinjoji, suka riƙe saura. Bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka kutsa cikin dare. Ma'aikacin jirgi ɗaya ya rasu, samarin kuma suka yi fiye da shekara tara a kurkukun Nijar. A 2024 Netflix ya fitar da fim a kan lamarin, jikokin Goggo suka nuna mata a waya, aka fama tsohon miki.

Ni ba na yi wa mai tsoron jirgi dariya. A mota kana ganin direba, in ya yi gudu ka ce, "Malam, a hankali, da iyali." In abin ya ishe ka, ka sauka a gari na gaba. A jirgi kuwa an rufe ka, ba ka ganin mai tuƙi, ba ka da ta cewa. Ɗan kasuwa da ya saba riƙe komai a hannunsa, wannan kaɗai ya isa ya hana shi barci. Sai dai lissafi bai goyi bayan tsoron ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, alhali jiragen fasinja kusan 100,000 ke tashi su sauka kowace rana, kuma akasarin ranaku ba ka jin komai. Mai bin hanyar Yamai zuwa Maraɗi da dare ya riga ya saba da abin da ya fi jirgi haɗari.

To, fashin fa? Jirgin da Goggo ke tunawa ba shi ne na yau ba. A da, fashin jirgi kamar yayi ne: tsakanin 1968 da 1972 an ƙwace jiragen Amurka fiye da 130, har aka fara binciken kowane fasinja da na'ura a 1973. Ko bayan haka, ƙofar ɗakin matuƙa ba wata ƙofa ba ce, kuma horon da ake ba ma'aikata shi ne a bi ɗan fashi da lalama har a sauka. Harin 11 ga Satumba 2001 ya rusa wannan tunani. Tun ƙarshen 2003 dokar sufurin sama ta duniya ta wajabta wa manyan jiragen fasinja ƙofa mai sulke, wadda ake kullewa daga ciki tun kafin a tashi. Ko ma'aikaciyar da za ta kai musu shayi sai matuƙan sun duba sun buɗe mata. In wani abu ya taso, matuƙi na danna lamba 7500, masu kula da zirga-zirga a ƙasa su gane ba tare da ya ce uffan ba.

Dokokin da ke ba mu haushi a layin bincike, kowace da labarinta. Cire takalmi ya biyo bayan mutumin da ya ɓoye bam a takalminsa a jirgin Faris zuwa Miami a Disamban 2001. Hana ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 a jakar hannu ya fara ne a 2006, bayan an bankaɗo wani shiri a Landan. Masu turare, ku sa kwalabenku a babban akwati tun daga gida, kada a ƙwace muku humra kuna ji kuna gani. Almakashi da aska ma can. Fawa-bank kuwa akasin haka, a jakar hannu ake riƙe shi, don batirinsa na iya kama wuta.

Akwai labari ɗaya da nake so duk mai bi ta Addis Ababa ya sani, ba don in ƙara masa tsoro ba. A Nuwamban 1996 wasu mutum uku suka ƙwace jirgin Ethiopian Airlines da zai bi ta Nairobi da Brazabil da Legas zuwa Abijan, suka ce sai Ostireliya. Mai ya ƙare, matuƙin ya sauke shi a teku kusa da tsibiran Komoro. Cikin mutum 175, 125 suka rasu. Da dama daga cikinsu sun tsira daga faɗuwar, amma sun hura rigar ruwa tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya danne a rufin jirgin, suka kasa fita. Wannan bayani da ma'aikata ke yi kafin a tashi, wanda muke duba waya ana yinsa, shi ne ke cewa kada a hura rigar sai an kai bakin ƙofa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙofar matuƙi ta rufu, amma kaya na shiga jirgi ta hannun mutane, kuma babu wanda ya kai mu ɗaukar kayan mutane. Wa ya taɓa tafiya bai ɗauki saƙo ba? Kilishin wani, maganin gargajiyar wata, leda a naɗe da salatif, "don Allah ka miƙa wa ɗan'uwana, zai tarye ka." Wani ma a filin jirgin zai same ka, ya ce kilonsa ya yi yawa, naka da saura, a taimaka. Wasu har sayar da kilon suke yi.

Mafi munin abin da ya taɓa samun jirgi a sararin Nijar ba ɗan fashi mai bindiga ya yi shi ba, akwati ne. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA na Faransa, da ya taso daga Brazabil ya biya ta Njamena zai tafi Faris, ya tarwatse a kan hamadar Tenere. Duk mutum 170 da ke ciki suka rasu. Bam ne a cikin akwatin da aka loda tare da kayan fasinjoji. Har yau akwai wurin tunawa da iyalan mamatan suka gina a 2007 cikin rairayi, da baƙaƙen duwatsu da fiffiken jirgin a tsaye. Shekara uku kafin nan, a filin jirgin Heathrow na Landan, an tsayar da wata mata mai ciki da bam a ƙasan jakarta. Ba ta san da shi ba. Wanda zai aure ta ne ya ba ta jakar.

Shi ya sa ake tambayarka ko kai ka haɗa kayanka da kanka, kuma shi ya sa in fasinja ya ba da akwati bai shiga ba, sai an sauke akwatin kafin a tashi, ko da kowa zai yi ta tsaki. A wajenmu ma yawanci ba bam ba ne, ƙwaya ce. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya kan jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa ke nan.

Na san ƙin karɓar saƙo da nauyi. Maƙwabcinka ne a kasuwa, gobe kai ma za ka nema. Amma akwai hanyar da ba ta ɓata zumunci: a kawo saƙon gida kwana ɗaya kafin tafiya, a buɗe shi gaban mai shi, ka sa a jakarka da hannunka. Gwangwani a rufe, takalmi sabo a kwali, abin da aka ɗinke baki, in ba za a buɗe ba a bar shi. Wanda ba ka sani ba kuwa, ko da carbi a hannunsa, ka ce ka yi haƙuri. Kada ka ba kowa fasfonka ya je ya auna maka kaya. In an gama awo, ƙirga 'yan takardun da aka liƙa maka: jaka biyu ka bayar, takarda biyu za ka gani.

Goggo dai ta tafi, bayan an sha fama. Ta ce a nema mata kujerar gefen hanya don kada ta ga taga, ta kuma sa aka yi mata bayani sau uku cewa gargadar iska ba faɗuwa ba ce, bel kawai ake ɗaurewa. Ana gobe tafiya wata ƙawarta ta aiko yarinya da ƙulli a ɗaure tamau, a kai wa 'yarta. Goggo ta kira ta a waya, ta ce, "Hajiya, ki yi min afuwa, zan kwance." Ta kwance a tsakar gida muna kallo. Daddawa ce da kuka da yaji. Ta sauya musu leda, ta cusa a gefen akwati.