Shin Ko Kun San? Kora, Tantancewa da Umarnin Komawa Bakin Aiki

Shin ko kun san cewa masaƙar da rufewarta ta fi ƙona ran ma'aikatan Arewa, ɗan Rabah ne ya assasa ta? A Rabah aka haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya kuma riƙe hakimcin garin tun 1934. Gwamnatinsa ce ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, Kaduna, a 1957. A 2002 injinanta suka tsaya. Ma'aikatan suka shafe shekara da shekaru suna bin sawun haƙƙinsu na sallama, da yawansu har suka koma ga Allah ba su karɓa ba, alhali gwamnatocin jihohin Arewa ne masu masaƙar.

Shin ko kun san cewa a 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000? Wasu a rediyo suka fara jin sunansu. Talakawa sun yi murna, don an gaji da cin hanci da lalaci, kuma ba a musun cewa akwai ɓarayi cikin waɗanda aka kora. Amma an haɗa da masu gaskiya, ba tare da an saurari bahasinsu ba. Tsofaffin ma'aikata da dama sun daɗe suna cewa daga wannan shekarar ce aikin gwamnati ya daina zama abin da mutum zai jingina tsufansa da shi. Wanda ya ga an kori maigidansa mai riƙon amana da rana tsaka, darasin da ya ɗauka shi ne ya tara abin gobe tun yana kan kujera. An fita kashe cin hanci, sai aka ba shi sabon dalili.

Shin ko kun san cewa kora ba ta tsayawa kan wanda aka kora? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wasu masana biyu a Amurka, Charlie Trevor da Anthony Nyberg, sun wallafa bincike a 2008 da ya nuna cewa kamfanin da ya rage kashi 1 cikin 100 na ma'aikatansa, yawan masu ajiye aiki da kansu yakan ƙaru da kusan kashi 31 cikin 100. Kuma ƙwararru su ke fara tafiya, domin su ne ake nema a waje.

Shin ko kun san cewa a 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sanar da sallamar malaman firamare 21,780 a Kaduna, bayan sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu? A 2021 aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta fara yajin aikin gargaɗi ranar 17 ga Mayu, aka ɗauke wuta, aka rufe tashar jirgin ƙasa, sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. Abin mamaki, wannan gwamnatin dai ita ce ta mayar da kwanakin aiki huɗu a mako daga Disamban shekarar.

Shin ko kun san cewa Najeriya ma ta ɗanɗana aiki daga gida? A Maris 2020, da annobar korona ta shigo, an umarci ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. Daga baya aka ce kowa ya dawo daga 1 ga Disamba 2021, da shaidar rigakafi ko ta gwaji a hannu. Gaskiyar magana, ga yawancinsu zaman gida ne kawai aka yi, don fayil na takarda ba ya bin intanet.

Shin ko kun san cewa kamfanin Amazon ya sallami mutum kusan 27,000 tsakanin ƙarshen 2022 da 2023, sannan a Satumba 2024 shugabansa Andy Jassy ya ce daga Janairu 2025 kowa ya riƙa zuwa ofis kwana biyar a mako? Ma'aikata da yawa sun ɗauki umarnin a matsayin kora ta bayan gida: a matsa maka har ka tafi da ƙafarka, ba sai an biya ka kuɗin sallama ba. A wannan shekarar ta 2024, Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwaji kan ma'aikata 1,612 na kamfanin Trip.com da ke Sin. Waɗanda aka bari su yi kwana biyu a gida, ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku a tsakaninsu, ingancin aikinsu kuma bai ragu ba.

Shin ko kun san cewa a gabashin Sakkwato wannan gardama ta zuwa wurin aiki tana da wata fuska dabam? Malamin firamare da aka tura Gandi, ko ma'aikaciyar jinya da aka tura Goronyo, ba sa neman aiki ta kwamfuta daga ɗakinsu. Allura da alli sai da hannu. Abin da ke gabansu shi ne hanya. A Yuli 2018 'yan bindiga sun afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah, suka kashe mutane da dama. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasu. Shi ya sa ma'aikata da yawa suka ajiye iyalinsu cikin birnin Sakkwato, suna bin hanyar Achida da Wurno suna je-ka-ka-dawo, wasu kuma sai ranar da aka ji labarin masu duba aiki na tafe.

Kada a yi wa maganar kwaskwarima: akwai masu fakewa da rashin tsaro su ci albashin banza, kuma mai naƙuda da ta tarar da asibiti a kulle ba ruwanta da uzurin kowa. Gwamnati na da haƙƙin ta ce a koma bakin aiki. Inda amana ke karyewa shi ne in mai ba da umarnin yana zuwa da rakiyar jami'an tsaro, ya koma birni kafin la'asar, ya bar ƙaramin ma'aikaci ba gidan kwana, ba alawus na zaman karkara. Haka ma tantancewa. Ana shirya ta don zaƙulo ma'aikatan bogi, amma mai zuwa aiki kullum shi ke kwana cikin fargaba, domin kuskuren harafi ɗaya a sunansa ko lambar BVN ya isa a tsayar masa da albashi wata da watanni, yana zarya sakatariya da takardu cikin leda.

Shin ko kun san cewa bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, har ta haura 1,000 a 2024? Jihohin Edo da Kwara nan da nan suka sanar da rage zuwa ofis zuwa kwana uku a mako. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a Yuli 2024 aka ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma daga cikinsa ne ƙaramin ma'aikacin da ke kwana Sakkwato yana aiki Goronyo zai fitar da kuɗin mota, zuwa da dawowa, kwana biyar a mako.