Wa zai zana mana Zangon Wagadugu?

Mai karatu, idan ka saurari shirinmu na wannan mako, ka ji muna maganar masu zanen gine-gine da ke komawa zanen kalar ruwa bayan sun yi ritaya. Wataƙila ka ce to, mu ina ruwanmu? Bari mu kai ka Wagadugu.

Unguwar Zango, wadda Mosawa ke kira Zangouettin, fatake Hausawa ne suka kafa ta. A 2003 gwamnatin Burkina Faso ta rushe ta tare da maƙwabtanta irin su Koulouba da Tiedpalogo, a ƙarƙashin shirin ZACA na mayar da tsakiyar birni wurin kasuwanci da ofisoshi. Aka ba mutane filaye a Ouaga 2000 da Nioko. An biya diyyar gidaje, amma ai ba a biyan diyyar lungu. Zauren da malam ke karantarwa, rumfar mahauta, inuwar da tsofaffi ke hira bayan La'asar, duk sai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka zauna wurin. Su kuma kullum raguwa suke yi.

Nan ne tsohon mai zanen gini yake da amfani. Kafin kwamfuta ta zo, da fensir da kalar ruwa yake nuna wa mai gida yadda gininsa zai kasance tun ba a aza tubali ba. Ya san awo, ya san inda inuwa ke faɗuwa da hantsi. In dattijo ya ce masa ƙofar zaurenmu gabas take kallo, ga masallaci a dama, zai iya fitar da wurin a takarda, dattijon ya duba ya ce a'a, katangar ba ta kai haka tsawo ba, a gyara.

Kada fa ka ɗauka fentin ruwan da ake shafa wa bango muke nufi. Wannan garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan dai da almajiri ke sa wa tawada. Ana jiƙa buroshi, a fara da launi mai haske, a bi da mai duhu. Fari kuwa ba a shafa shi, takardar ce ake bari. Wahalarsa ita ce kuskure ba ya rufuwa, don na ƙasa yana leƙowa. Da hunturu kuma kafin ka waiga ya bushe, sai mai saurin hannu. A ganinmu babu abin da ke kama jan ƙasar Wagadugu da ƙurarta kamarsa.

An taɓa yin makamancin wannan aiki a Najeriya. Zbigniew Dmochowski, mai zanen gini ɗan ƙasar Folan, ya bi garuruwan Hausa yana aunawa yana zanawa, har da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Daga baya an yi wa masallacin gyaran da ya sauya kamanninsa, amma ga kwatankwacinsa nan an gina a gidan tarihi na Jos. Shi ya tarar da gine-ginen a tsaye. Na Zango kuwa babu su, sai dai a tambayi mutane.

Saboda haka in kana da baba ko kawu da ya yi wannan aiki yana zaune a gida, saya masa takarda mai kauri da akwatin kala, ka raka shi Nioko wajen tsofaffin Zango. Ka tafi da goro.