KHAL DA MAN ZAITUN: MAHAƊIN SALAK DA ZA KI YI DA HANNUNKI

 

Kwanakin baya wani bawan Allah ya zo wurina yana dafe da ƙirji, wai ƙuna yake ji kamar an zuba masa barkono, haƙoransa kuma sun mutu, ko ruwan randa ba ya iya sha. Da na matsa masa da tambaya, ashe wata biyu ke nan kullum da asuba yana kurɓar rabin kofi na khal ɗin tuffa, zallarsa, cikinsa ba komai, saboda an turo masa saƙo cewa yana narkar da teɓa. Na ce, Malam, wa ya koya maka wannan? Ya ce ai sunna ce.

To, bari mu duba sunnar. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya nemi mahaɗi a wurin iyalinsa, suka ce babu komai sai khal. Ya sa aka kawo, ya ci abincinsa da shi, ya kuma yaba shi a matsayin mahaɗi. Ku lura da kalmar: mahaɗi. Abin da ake cin gurasa da shi, ba abin da ake ɗaga kofi a kwankwaɗa ba. Shi kuma man zaitun, Tirmizi ya ruwaito umarnin a ci shi kuma a shafa shi, domin daga bishiya mai albarka ya fito. Idan aka haɗa biyun nan aka zuba a ɗanyen ganye, an sami amfaninsu ba tare da an ƙona maƙogwaro ba.

Uwargida, ga yadda za ki yi. Ki sami kwalbar gilashi mai murfi, wankakkiya, busasshiya. Ki zuba khal cokali 1 babba, ki sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗebo, ki girgiza. Gishirin ne farko, don ba ya narkewa a cikin mai. In kika sa shi daga baya, a gindin kwalba zai kwanta. Sai ki daka tafarnuwa ƙwaya 1 ta yi laushi sosai, ki zuba, da zuma rabin cokalin shayi, da ɗan garin masoro. A ƙarshe man zaitun cokali 3 manya. Ki rufe ki girgiza da ƙarfi har ya yi kauri, launinsa ya dushe.

Ma'aunin ke nan: mai kashi 3, khal kashi 1. Masu girki a Faransa, inda wannan haɗin ya shahara, a kansa suka daɗe. Amma ba wahayi ba ne. Ki tsoma ganyen latas ɗaya ki ɗanɗana. In tsami ya yi yawa ki ƙara mai, in ya yi lami ki ɗiga khal. Za ki ga bayan ɗan lokaci man ya taso sama, khal ya koma ƙasa. Bai lalace ba, ɗabi'arsu ce, mai da ruwa ba sa zama wuri ɗaya. Zuma da tafarnuwa su ne ke ɗan riƙe su, in sun rabu ki sake girgizawa.

Na san man zaitun ya yi tsada. Wanda bai da hali ya yi da man riɗi ko man gyaɗa mai kyau wanda ba a soya komai da shi ba, in ba khal ya matse lemon tsami. Iyayenmu da suke kwaɗon zogale da rama da ƙuli da ɗan mai, wannan hikimar ce suke bi: akwai sinadarai a karas da koren ganye da jiki ba ya iya tsotsarsu sosai sai da maiƙo. Wanda zai saya kuwa, ya nemi wanda aka rubuta Extra Virgin a jikinsa, a kwalba mai duhu, ya duba ranar lalacewa. Mai kyau yana da ƙamshin ɗanyen ganye, yana ɗan kartar maƙogwaro. Gwajin da ake yaɗawa na sa shi a firij a ga ko zai daskare, ni dai ba na dogara da shi, don gauraye ma yana iya daskarewa. Khal kuma ki sayi na ci, wanda tsaminsa yake wajen kashi 5 cikin 100.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Khal ba ya wanke ganye mai datti. Latas da kabeji da yawa a lambunan bakin gari ake noma su, wasu da ruwan kwata ake ba su ruwa, kuma ta nan taifot da kwalara da tsutsar ciki suke shigowa gida. Ki ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya, ki yar da na waje, ki wanke kowanne da ruwa mai tsafta irin wanda za ki iya sha, sau biyu ko uku. Karas da kokwamba ki kankare bayansu. Jiƙawa a ruwan gishiri ko ruwan khal yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe ƙwan tsutsa. In ana annobar amai da gudawa a unguwa, a haƙura da ɗanyen ganye, a dafa. Bayan wanki ki bar shi a kwando ya tsane sarai, don mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye. Kada ki zuba haɗin sai an zauna za a ci, in ba haka ba latas zai yi yaushi.

Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya rage khal ɗin sosai, in yana tayar masa ya bar shi. Mai ciwon suga ya cire zuma. Gaskiya ne khal a cikin abinci yana ɗan rage saurin hawan suga bayan an ci, amma kaɗan ne, kada wani ya ajiye maganin asibiti a kan haka. Mai hawan jini ya yi hankali da gishiri. Jaririn da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma sam.

Abin da ya rage a kwalba a sa a firij, a cinye cikin kwana 3. Ɗanyar tafarnuwa in ta daɗe a cikin mai a wuri mai zafi tana iya haifar da guba mai haɗari, ba wari ba alama. Inda wuta ba ta zama, a haɗa daidai na ci ɗaya kawai, ai minti biyu ne. Kuma kada a ajiye shi a kwanon silba ko na ƙarfe, tsami yana cin su.

Wallahu a'alam.