Ƙyastu da farar wuta: yadda iyayenmu ke hura wuta kafin zuwan alimeti

Ƴan uwa mata, idan baƙuwa ta shigo ta fita ba ta ko zauna ba, mukan ce mata: "Ke kuma ɗaukar wuta kika zo?" Maganar tana da asali. A da, a Birni da Zango na Damagaram, wuta ba ta cika mutuwa a unguwa ba. Uwargida ta gama tuwon dare sai ta rufe garwashi da toka ya kwana. Wadda tata ta mutu, da asuba ta aiki yarinya maƙwabta da kasko. Mai ɗauke da garwashi kuwa ba ta tsayawa hira.

To, in an yi nisa da gida fa, a gona ko wajen itace? Nan ƙyastu ke aiki. Abu uku ne: ɗan ƙarfe da maƙeri ya ƙera, dutse mai tauri da kaifi, sai audugar rimi ko tsumma da aka babbaka, duk a cikin ƴar jakar fata. In aka ƙyasta, dutsen ne ke kankaro ƙananan ɓarɓashin ƙarfe, su yi ja don zafi. Ɗaya ya faɗa kan audugar, ta fara ci a hankali ba harshe. Sai a sa ta cikin busasshiyar ciyawa, a yi ta busawa har ta kama.

Wannan busawar ce farar wuta ke sauƙaƙawa. A ƙasashe da dama, ana narka ta a tsoma bakin siririn tsinke a ciki. Irin wannan tsinke ba ya kamawa in an goga shi, amma da ya taɓa garwashi sai ya tashi da shuɗin harshe. Ashanar da ake gogawa ta kama da kanta sai a 1826 wani mai haɗa magani a Ingila, John Walker, ya gano ta. Farar wuta kuma ba baƙuwa ba ce a nan: tana cikin kayan haɗa albarushi, wanda ake yi a Damagaram zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19.

Sai dai a kula. Hayaƙin farar wuta yana shaƙe ƙirji, musamman ga jarirai da masu asma. Kada a narka ta a ɗaki, kada a bar ta inda hannun yaro zai kai.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne tattali. Da damina, a zuba alimeti cikin kwalba mai murfi, a ajiye ƴar busasshiyar ciyawa a rufe. Da hunturu kuwa, iska ba ta da wasa: garwashin da za a kwanar a rufe shi ruf, nesa da dangar kara da rumbu. Wutar da aka hura a daji a binne ta da ƙasa kafin a tashi, don gobara ɗaya kan cinye ciyawar da tumakin asusunmu za su ci har bazara.

Ran taron zubi mai zuwa, in akwai tsohuwar da ta iya ƙyastu a cikinku, ku roƙe ta ta zo da nata ta nuna wa yara.