Dokar Shekara 25 da Tsadar Motocin Gudu a Amurka

Dokar da Amurka ta kafa a 1988 ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin kariya na ƙasar ba, sai ta cika shekara 25. Shi ya sa Nissan Skyline GT-R ƙirar R34, wadda ta fito a 1999, ba ta sami cikakken izini ba sai 2024.

Dillalai kan sayi motocin a Japan su adana su har wa'adin ya cika. Kuɗin ajiya, inshora, jigila da kwastan duk kan mai saye suke komawa. Ga ƙarancin motocin, ga yawan masu nema, dole farashi ya yi tashin gwauron zabi, har a Japan ɗin. Dillalin da ya yi gaggawa kuwa, kwastan na iya ƙwace motarsa.